Madubi Ba Rumbu Ba Ne

 Yau ba labarin wani zan ba ka ba, labarin kaina ne, kuma ba na yabon kai ba ne. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. To ni na take nawa da ƙafafuna biyu, na tsaya a kai ina nuna wani da yatsa, har sai da Allah ya nuna mini abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafata. Na ga ya kamata in rubuta, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsira, don in kunne ya ji jiki ya tsira.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bafatake ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin goro tsakanin Kano da Kumasi, har ya zauna a zangon Kumasi shekaru masu yawa. Bai dawo gida ba sai a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mutum ne mai labari, in ya fara ba ka son ya daina. A shekarar 1995 Allah ya ba ni dabara, na riƙa ɗaukar rediyona mai kaset ina zama kusa da shi bayan sallar isha'i, ina tambaya yana ba da amsa. Kafin shekara ta zagayo na cika kaset goma sha huɗu. Da ya rasu a 2004, na zuba su a kwali na ɗora a kan durowa, suka yi ta shan ƙura.

Sai a 2022 muka yi shawara, mu 'ya'yansa, cewa mu mayar da kaset ɗin nan cikin kwamfuta tun kafin su lalace, mu kuma rubuta abin da ke ciki ya zama littafi saboda jikoki. Matsalar ita ce mun warwatsu. Yayanmu yana Kaduna, ni ina Kano, ƙanena yana karatu a Ingila, autarmu kuma tana aure a Abuja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yaya za a yi hannu huɗu su kama jinka ɗaya alhali kowanne yana garinsa?

Da farko ta WhatsApp da imel muka riƙa yi, kuma nan ne muka ga ta kanmu. In na rubuta babi na aika, Yaya ya gyara ya dawo da shi, kafin nan ƙanena ya riga ya gyara tsohon. Sai ka buɗe kwamfuta ka ga "babi na uku", ga "babi na uku gyararre", ga "babi na uku na ƙarshe", ga kuma "babi na uku na ƙarshen ƙarshe". Wallahi akwai ranar da na kwana ina gyaran rubutun da aka riga aka yi watsi da shi tun mako biyu da suka wuce. Abin ya tuna mini da zamanin da muke kai rubutu bizines senta a buga mana, a zuba mana a ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu wanda bai wuce cin megabayit 1.44 ba. Ka sa shi a aljihu, zafi ya buge shi ko ka zauna a kai, shi ke nan aikin wata guda ya tafi. Na ce ashe dai zamani ya canja, wahalar ce ba ta canja ba.

Ƙanena ne ya kawo mafita. Ya ce, "Yaya, ai an daɗe da wuce wannan wurin. Bari in buɗe mana jaka ɗaya ta haɗin gwiwa." Ya yi mana bayani cewa akwai kamfanoni da ke ba ka wuri a manyan kwamfutocinsu, sai ka sa wata 'yar manhaja a taka kwamfutar. Aikin manhajar shi ne gadin jakar nan dare da rana. Da zarar ka saka wani abu ko ka gyara, za ta aika da canjin can wurin kamfanin, daga can kuma a turo wa duk wanda ke da rabo a jakar. Wato abin da ke Kano shi ne a Kaduna, shi ne a Abuja, shi ne a Ingila, ba tare da kowa ya aika wa kowa komai ba. Ya ce ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, Dropbox, asalinsa ma mantuwa ce ta haife shi. Wani saurayi ɗan Amurka, Drew Houston, ya hau mota daga Boston zuwa New York da niyyar yin aiki a hanya, sai ya tarar ya baro filashinsa a gida. Haushin wannan ya sa ya fara rubuta manhajar, ya kafa kamfanin a 2007 tare da Arash Ferdowsi, suka buɗe wa jama'a a 2008. Google ma ta fito da nata, Google Drive, a 2012.

To, muka zaɓi ɗaya muka shiga. Kai, mai karatu, abin ya yi daɗi! Muka raba aiki. Ɗan Yaya, wanda ke karatu a nan Kano yana zaune a gidana, shi ne mai juya kaset zuwa kwamfuta, ya zuba muryar kai tsaye a cikin jakar. Ni da Auta mu saurara mu rubuta. Yaya ya duba sunayen mutane da garuruwa, tunda shi a Kumasi aka haife shi. Ƙanena ya tsara shafuka. Sai in rubuta shafi da hantsi, kafin azahar in ga an gyara mini kuskure daga Ingila. Har nakan ce wa abokaina a majalisa, mu yanzu kayanmu a sama suke, ko gobara aka yi, Allah ya kiyaye, ba abin da zai same su. Ashe ban fahimci abin da nake yabo ba.

Auta ce kaɗai ta riƙa ja mana baya. A watan Sha'aban na 2023 ta taho gida goyon ciki, haihuwar fari, ta rufe kwamfutarta ta jefa a durowa a Abuja ta taho abinta. Na yi mata faɗa sosai. Na ce, "Ke dai Auta ba ki ɗauki aikin nan da muhimmanci ba. Mene ne nauyin kwamfuta da ba za ki taho da ita ba?" Ta ce, "Yaya ka yi haƙuri, wallahi ko zama ba na iya yi sosai." Hajiya ta harare ni, na ja bakina na yi shiru, amma a raina ban haƙura ba.

Da azumi ya kama, aiki ya tsaya. Ɗan Yaya dai ya lallaɓa ya ƙarasa kaset biyun da suka rage a makon farko. Na goma sha huɗun kuwa da ƙyar ya ƙare, domin yana gama juyawa yana mayar da shi baya, rediyon ta cinye zaren ta dunƙule shi, ya tsinke wuri-wuri. Yaron ya kawo mini yana ɓacin rai. Na ce masa, "Kada ka damu, ai muryar ta riga ta hau sama. Jefar da shi."

Wata rana a tsakiyar azumin, bayan la'asar, ina son in saka wasu hotunan aiki a kwamfutata sai ta ce wuri ya cika. Na duba in ga mai cinye wurin, sai na ga jakar Baba ce, don murya tana da nauyi, balle ta awa ashirin da wani abu. Na ce a raina, to me zai sa in ajiye su a nan, tunda suna can sama, suna kuma wurin su Yaya? Na zaɓe su gaba ɗaya, har da rubutun, na share. Na bi su kwandon shara na zubar. Wuri ya samu, na yi hamdala, na tashi na tafi sayen ƙanƙara.

Jama'a, ku tsaya ku ji inda gizo ke saƙar. Ita wannan manhaja ba ta san niyya ba, umarni kawai ta sani. An ce mata ta daidaita, to daidaitawa take yi. In ka ƙara, ta ƙara wa kowa. In ka gyara, ta gyara wa kowa. In ka share kuwa, sai ta ɗauka sharewar ma gyara ce, ta kai saƙo sama cewa an share, daga sama a sanar da Kaduna da Ingila, kowace kwamfuta ta share nata. Kafin in dawo da ƙanƙarata an gama. Ni ina zaton rumbu na gina, ashe madubi na rataya. Rumbu kan riƙe abin da ka zuba ko da gonarka ta ƙone. Madubi kuwa abin da ke gabansa kawai yake nunawa, in ka kawar da fuskarka babu abin da zai rage a ciki.

Su kamfanonin sun san ana irin wannan kuskure, shi ya sa suke riƙe abin da aka share na ɗan lokaci kafin su zubar da shi har abada. A tsarin da muke kai kwana talatin ne. Da wani ya leƙa jakar a cikin kwanakin nan, da dannawa ɗaya ta isa a dawo da komai. Amma ina! Goman ƙarshe ta shigo, aka yi Sallah, Auta ta haihu aka sha suna, Yaya ya tafi aikin Hajji, ƙanena ya shiga jarrabawa. Ba wanda ya waiwayi jakar sai bayan Babbar Sallah, wajen wata uku ke nan.

Ni ne kuma na fara buɗewa, ta waya, don in jiyar da wani baƙo muryar Baba. Na ga wayam. Na rufe na sake buɗewa, wayam. Na kira Kaduna, Yaya ya duba ya ce babu komai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Gumi ya karyo mini. Wallahi ko kaɗan abin da na yi da azumi bai faɗo mini a rai ba, domin a ganina ni kwamfutata kawai na share wa. Nan take zuciyata ta tafi kan ɗan Yaya. Na kira shi tsakar gida, a gaban iyalina, na wanke shi tas. Na ce yaran zamani ba ku san darajar komai ba, an ba ka amanar muryar kakanka ka yi wasa da ita. Yaron yana hawaye yana cewa, "Baffa wallahi ban taɓa ba." Na ce rufe mini baki. Ban tsaya nan ba, sai da na rubuta a zauren gidanmu na WhatsApp, kowa ya gani.

Da dare ƙanena ya kira ni, ba a zaure ba, ni kaɗai. Ya gaishe ni a ladabce, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Yaya, ita jakar nan tana rubuta duk abin da aka yi a cikinta, da wanda ya yi, da ranar. Na duba." Na ce, "To, shi ne ko?" Ya ce, "Yaya, sunanka ne. Ranar sha huɗu ga azumi, da yamma." Sai a lokacin na tuna da ƙanƙara. Mai karatu, ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da waya ban ce uffan ba. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Shi ne ya katse shirun. Ya ce, "Akwai sauran dabara ɗaya. Yaushe rabon Auta da kunna kwamfutarta?" Na ce tun Sha'aban. Ya ce, "To in haka ne ita ba ta ji labarin sharewar ba tukuna. Komai na nan a cikinta yadda ta bar shi. Amma fa duk ranar da aka kunna ta ta shaƙi intanet, za ta karɓi saƙon, ta share nata ita ma cikin ɗan lokaci. Kuma ta san intanet ɗin gidansu, da kanta za ta haɗa."

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na kira mijin Auta, hannuna na rawa. Na ce, "Don girman Allah, kwamfutar matarka da ke durowa, ka taɓa kunna ta?" Ya ce, "A'a Yaya, amma ka ga gobe ma nake cewa zan ɗauko ta in yi wani aiki, tawa ta lalace." Na ce, "Na roƙe ka kada ka ko ɗaga murfinta." Bawan Allah ya naɗe ta a cikin darduma, ya sa a kujerar baya, ya kamo hanya da asuba ya kawo ta Kano da kansa. Muka kashe duk wani intanet da ke gidan, har na wayoyinmu, duk da ƙanena ya ce ba sai mun yi haka ba tunda ba ta san na gidana ba. Ɗan Yaya, shi dai wanda na ci wa mutunci, shi ya kunna ta. Sai ga jakar Baba, kaset goma sha biyu reras, da rubutunmu. Ya kwafe su zuwa wani faifan ajiya na daban, sannan ya danna na farko. Muryar Baba ta cika ɗakin yana gyaran murya yana cewa in matso da rediyon. Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Daga baya ƙanena ya ba ni labarin da ya nuna mini ba a kaina farau ba. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar aikin fim ɗin zane mai suna Toy Story 2, wani ma'aikaci ya ba babbar kwamfutarsu umarnin sharewa a inda bai kamata ba. Suna kallo kayan fim ɗin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a cire wuta kusan kashi 90 cikin ɗari ya tafi. Suka je ga ajiyarsu ta ko-ta-kwana, suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata shugabar sashen fasaha, Galyn Susman, wadda ta haihu ba da daɗewa ba tana aiki daga gida, don haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta ta gida. Suka je suka naɗo kwamfutar a bargo, suka ɗaura mata bel a mota suka kawo ofis. Fim ɗin ya fito a 1999. Na ce ikon Allah, su ma mai jego ce ta fisshe su! In masu ilmin abin da kuɗinsa sun faɗa wannan rami, wane ni?

Sai dai mu ba mu fita lafiya ƙalau ba. Kaset biyun ƙarshe an juya su ne bayan Auta ta rufe kwamfutarta, don haka ba su cikinta. Na goma sha uku yana nan a kwali, muka sake juya shi. Na goma sha huɗu kuwa, ka tuna, ni da bakina na ce a jefar. A cikinsa ne Baba ya ba da labarin fitowarsu daga Kumasi, yadda suka sayar da kaya a wulaƙance, suka hau bayan babbar mota, Hajiya na goye da Yaya. A ƙarshensa kuma ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ya sa mana albarka, har da Auta da ke da shekara biyu a lokacin. Ita ba ta taɓa jin wannan kaset ba. Tana jira ne ta gama wanka ta saurara. Da na gaya mata, ba ta ce mini komai ba sai, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Yaya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na tara mutanen gidan a inda na tsaya na yi wa yaron nan faɗa, na ba shi haƙuri a gabansu, na kuma rubuta a zauren da na kunyata shi. Wasu sun ce babba ba ya ba yaro haƙuri a bainar jama'a. Na ce a bainar jama'a na zalunce shi. Bayan haka muka zauna da Hajiya, ni da shi, tunda mu biyu ne muka taɓa jin kaset ɗin, ita kuma da ita aka yi tafiyar. Muka rubuta abin da muka iya tunawa. Labarin ya samu, har ta ƙara mana abin da Baba bai faɗa ba. Muryar ce dai babu.

To, ɗan'uwa, ga abin da na koya, kuma da tsada na saye shi. Jakar haɗin gwiwa aba ce mai amfani, har gobe da ita muke aiki, ba don ita ba da littafin nan bai kai inda ya kai ba. Amma ka san cewa ɗaki ɗaya ne mai ƙofofi da yawa. Abin da kake gani a kwamfutarka ba naka kai kaɗai ba ne, kayan kowa ne, hannunka kuma yana isa har cikin kwamfutar ɗan'uwanka da ke wata ƙasa. In wuri ya cika maka, akwai inda ake gaya wa manhajar ta daina sauke wata jaka a kwamfutarka ba tare da an taɓa ta sama ba, ka tambayi wanda ya sani ya nuna maka. Ba kowa ne ya kamata a ba ikon gyara da sharewa ba, wani ikon dubawa ya ishe shi, kuma ba raini ba ne. Ni kaina yanzu a jakar muryoyin ikon saurare kawai gare ni, ni na roƙi a yi mini haka.

Sannan duk abin da ka san in ya ɓata ba za a sake samun irinsa ba, kada ka bar shi a madubi kaɗai. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira uku, biyu, ɗaya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Kuma a riƙa buɗe ajiyar lokaci-lokaci ana tabbatar da tana nan, kada a yi irin ta mutanen Pixar. Mu yanzu faifai ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana cikin akwatin Hajiya tare da takardun gida, ba ya haɗuwa da intanet ko da wasa. Kaset goma sha ukun ma suna nan a kwalinsu, ba mai sake cewa a jefar.

Na ƙarshe kuma, wanda ya fi sauran nauyi a wurina: in abu ya ɓace a aikin tarayya, kafin ka buɗe baki ka kira sunan wani, fara bincikar hannunka. Fayil in an yi sa'a akan dawo da shi cikin kwana talatin. Maganar da ka yaɓa wa ɗan'uwanka kuwa ba ta da kwandon da za ka je ka ɗauko ta.

Allah ya jiƙan mahaifanmu, ya raya abin da Auta ta haifa, ya ba mu ikon riƙon amana, babba da ƙarama. Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu ya gyara mini, ɗan Adam ajizi ne. Wassalamu alaikum.